Gadon da Ba Shi da Ƙusa

Lahadi, bayan La'asar

Yau kayan ɗakin ɗiyata suka dawo. A-kori-kura biyu suka tsaya a ƙofar gidana kamar an yi mani naɗin sarauta, duk Ƙofar Kwaya ta fito kallo. Na ce wa direban, "Sannu da zuwa, amma ni ban yi oda ba." Bai yi dariya ba. Ni ma da na saurari kaina ban ji abin dariyar ba.

Bara war haka motocin nan suka kwashi kayan daga nan da guɗa. Yau babu mai guɗa sai akuyar maƙwabta.

Matata Rabi ta ce, "Malam, don Allah ka ajiye bakinka na kwana biyu." To a ina zan ajiye shi? Duk rayuwata da shi nake yawo. Shi ne na samo littafin nan nake zuba shi a ciki. Rubutun ɗan fom tu ne, wanda ya gama aikin masinja yana kai fayil ofis-ofis bai taɓa sanin abin da ke ciki ba. Wanda ya tsinci littafin ya yi haƙuri.

An jibge komai a tsakar gida an rufa tamfol. Gadon a wargaje ya zo, kamar ƙashin raƙumi. Sai ƙaramin abin nan da ke cikin buhu. Shi na ce a jingine shi a gindin bishiyar bedi. Babu wanda ya kwance bakin buhun.

Litinin, da hantsi

Ba ta ci ba.

Talata, bayan Azahar

Ta sha rabin kofin shayi, in ji Rabi. Na ce alhamdu lillahi, ranar da ta shanye kofi guda sai mu yanka rago. Rabi ta dube ni. Na fita.

Tun da aka sallamo ta daga asibiti tana ɗakin uwarta, labule a sake. Ɗiyata ce ta fari, sunan mahaifiyata na sa mata, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba. Uwata nake ce mata. Nakan tsaya a bakin ƙofa in ce, "Uwata, ɗanki ya zo gaisuwa." Da can sai ta ce, "Yaro, ka yi wanka kuwa?" Yanzu fanka ke amsa mani, in akwai wuta.

Laraba, bayan La'asar

Na buɗe dogon kwalin da zane-zanenta ke ciki, don kawai in tabbatar gara ba ta shiga ba.

Zanen gine-gine ta karanta a jami'a. Unguwa na ce mata Injiniya, ita kuma ta ce a'a, akitek. Na ce Uwata, wannan ai sunan maganin sauro ne. Da aure ya zo, na shirya in tafi wajen masu kayan ɗaki in sayo abin da kowane uba ke sayowa, kujeru masu tumbi da gado mai madubi, sai ta ajiye mani takardun nan ta ce, "Baba, ga ɗakina."

Manyan takardu ne, farare, baƙin tawada da ɗan shuni da jar ƙasa. A ɗaya an cire wa ɗakin rufi, kana leƙa shi daga sama kamar shaho. A wata kujera ce mai ƙafa uku, ta karkata kamar tana jingine da inuwarta. Akwai wajen jeren kwanuka da ya murɗe ya hau bango kamar hayaƙi. Sai gadon: kamar ƙwarya da aka raba biyu, katako ya shige cikin katako, kuma a takardar duk gaɓoɓinsa sun rabu suna shawagi a iska, ɗige-ɗige na nuna inda kowace za ta koma. Ko ƙusa ɗaya babu.

Audu kafinta, abokina tun muna satar mangwaro, shi ya ƙera su. Kwafi ta ba shi, na asalin ba su taɓa fita gidan nan ba. Wata uku tana kansa. Ya ce da ya san haka aikin yake da ya koma acaɓa.

Na rufe kwalin. Gara ba ta shiga ba.

Alhamis, bayan Magariba

Mata sun yi ta shigowa jaje. Kowace ta gama "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri" sai ta ɗaga gefen tamfol ta leƙa. Wata ta tambaye ni, "Malam Mamman, ita wannan kujerar a hanya ƙafarta ta karye?" Na ce a'a, haka aka haife ta.

Kalmar ta fita kafin in kama ta. Matar ta saki tamfol ɗin. Na ga labulen ya motsa, ko kuma iska ce.

Juma'a, bayan masallaci

Ƙanen mutumin, wato mijin Uwata, ya zo. Bai zamna ba, bai sha ruwa ba. Na raka shi har bakin titi, don ni mai tarbiyya ne.

Asabar, da safe

Ba ta ci ba.

Lahadi, bayan La'asar

Wayar Uwata tana hannun Rabi, a kashe. Yau ta kunna ta, nan take kira ya shigo, ta miƙo mani. Wata Hajiya Hindu ce daga Abuja. Wai tana da gidan da ake rataye zane mutane su zo kallo, ta ga aikin Uwata tun a baje kolin 'yan ajin ƙarshe, sun daɗe suna magana, sai kuma ta ji shiru. Tana Katsina biki, ko za ta iya zuwa?

Na ce ta zo. Gidan nan kowa ma zuwa yake.

Talata, bayan Azahar

Hajiyar ta zo. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya hanya, ya zafi, ya mai jiki. Na ce mai jiki da sauƙi. Ba ta ƙara tambaya ba, na ji ta kwanta mani a rai.

Na shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, na kawo zoɓo. Abu na farko da ta yi, ta ɗauke zoɓon ta kai shi can bakin ƙofa. Sannan ta zaro farar safar hannu daga jaka, kamar za ta yi wa takardun tiyata.

Na ce, "Hajiya, ga kujerun can a tsakar gida, na gaske, ana zama a kai."

Ta ce, "Malam Mamman, ba kujerun nake so ba. Zanen nake so."

Na ce, "To in baƙo ya zo, a kan takardar zai zamna?"

Ta yi dariya har da riƙe baki. Rabon gidan nan da dariya na manta. Na waiga wajen labule. Bai motsa ba.

Ta ce akwai masu tara irin wannan zanen, a Legas da ƙasashen waje, su sa shi a gilashi su rataye a bango. Wani ɗakin ma ba a taɓa gina shi ba, ba kuma za a gina ba, zanen shi ne abin. Ta ce ta ga hannu da yawa, ba ta ga mai kama da wannan ba, wadda ta ɗauki jeren kakanninmu ta juya shi ya zama abin da ba a taɓa gani ba. Ta karanta sunan da ke ƙasan takardar a bayyane, a hankali: Halimatus Sa'adiyya Mamman. Sai na ji kamar an kira mutum biyu, babu wadda ta amsa.

Ta gargaɗe ni: kada a ninke su, kada rana ta gan su, kada laima ta taɓa su. Na ce Hajiya, ni da na haifi mai zanen ban samu wannan gatan ba.

Da ta kai ta ƙarshe sai ta sake dubawa. Ta ce, "Akwai ɗaya da babu. Ta turo mani hotonta a waya watannin baya. Wani ɗan ƙarami mai lilo."

Na ce, "Hajiya, zoɓonki zai huce."

Zoɓo da ƙanƙara. Ta dube ni, ta dubi gindin bedi ta ƙofar zaure, ta cire safar hannunta. Ta ce direbanta zai biyo ta Katsina Asabar ta sama, in mai zanen ta yarda sai a ba shi.

Laraba, da hantsi

Rabi ta shiga ta faɗa wa Uwata. Ta fito da amsa: "A ba ta duka. In ba ta so a hura wuta da su."

Maganarta ta farko ke nan da aka kawo mani, kuma ba ni aka yi wa ba.

Alhamis, bayan La'asar

Mun yi faɗa da Rabi, a hankali, irin faɗan gidan da ake jinya.

Ta kira dillaliya ta duba kayan. Matar ta zagaya tamfol ta ce, "Rabi, wannan ko kyauta aka ba amarya sai ta yi yaji." Rabi na so komai ya fita, katako da takarda. Ta ce muddin suna gidan nan yarinyar ba za ta manta ba. Sannan ta faɗa mani abin da ta ɓoye mani tun a asibiti. Wai uwar mutumin ta ce, a gaban mutane, tun ranar jere ta san ba za a ga alheri a ɗakin nan ba. Wai gado mai haƙarƙari kamar makara. Wai gadon ne.

Kuma Uwata tana kwance tana ji.

Na nemi abin da zan ce na rasa. Ni, Mamman. A rubuta wannan a tarihi.

Ni abin da na sani shi ne, tun tana rarrafe take zane a ƙasa da tsinke. In takardun nan suka hau mota ba da son ranta ba, abin da zai rage a bayan labulen can ban san sunansa ba. Rabi ta ce, "To kai likita ne?" Na ce a'a, masinja ne. Ta ce, "To kai saƙon ka yi shiru."

Juma'a, bayan Magariba

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Tamfol ɗin duk huji ne.

Asabar, da safe

Rabin kofi.

Lahadi, bayan Azahar

Na buɗe ɗakin marigayiya mahaifiyata, na fitar da tsofaffin buhuna da keken da ba shi da taya, na share, na shafa farar ƙasa. Rabi ta ce me kake yi? Na ce jere. Ta ce, "Jere aikin gwaggonni ne, kuma a gidan miji ake yi." Na ce to yau an samu canjin gwamnati.

Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya gan ni da tsintsiya da ɗaurin ƙirji na tawul. Gobe duk masallaci za a ji.

Litinin, bayan La'asar

Na kira Audu. Ya ce kwafin da aka ba shi tuni yara suka yi jirgi da su. Sai na shiga na ɗauko ta asali, takardar gadon, na shimfiɗa ta a tsakar gida, na danne gefunan da duwatsu. Rana na ganinta. Allah ya ba Hajiya haƙuri.

Muka zauna daidai tagar ɗakin Rabi. Wurin ya fi inuwa, shi ya sa.

Na ɗauki wata gaɓa na cusa ta a wata. Audu ya ce, "Mamman, ka juya takardar, ƙasa ce a sama."

Na ɗaga murya na ce, "Kai Audu, ni da na yi boko za ka koya wa karatun takarda?"

Ya dube ni. Ya dubi tagar. Ya tofar da goronsa. Sai shi ma ya ɗaga murya: "Gaskiyarka, Malam! Ai wannan ƙafar a wajen kai take!"

Muka yi ta yi har La'asar. Abin da muka haɗa, in ka sa mashi ƙaho sai a kai shi kara cikin shanu. Audu ya yi ta ihu, "Ba ta shiga ba! A kawo ƙusa! 'Yar inci shida!" Bara in ya ambaci ƙusa ko da wasa, sai ta taso mashi kamar ya zagi kakanta.

Tagar ba ta buɗe ba.

Talata, bayan La'asar

Haka dai. Audu ya kusa rasa murya. Da zai tafi ya ce, "Mamman, wasan nan ba ya ci." Na ce wane wasa?

Laraba, bayan Azahar

Audu bai zo ba, yana da aikin ƙofofi a Ƙofar Sauri.

Ni kaɗai na zauna. Na ce a raina ta saba da ihun ƙusa, ƙarar guduma ce ba ta ji ba. Niyyata in ɗan ƙwanƙwasa kawai. To hannun masinja ne. Bugu na uku ƙusar ta shige, katakon ya tsage tun daga baki har tsakiya, da wata ƙara kamar an karya rake.

Babbar gaɓar ce, wadda sauran ke hawa kanta.

Na zauna da guduma a hannu ina jira a fito a zage ni. Wallahi da na ji daɗi. Babu wanda ya fito sai Rabi. Ta dubi katakon, ta dube ni, ta ce, "Su sun wargaza, kai ka ƙarasa." Ta koma.

Alhamis

Ba ta ci ba. Ni ma.

Juma'a, bayan masallaci

Audu ya ga tsagar ya kama kai. Ya ce irin wannan gaɓar ba a yi mata faci, kuma shi ba zai iya fitar da wata ba sai mai zanen na tsaye a kansa, don bara ma sau uku tana sa shi sakewa.

Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri. Na ji kamar Rabi ce ta rubuta mashi.

Gobe direban Hajiya zai zo. Na mayar da takardun cikin kwali, ban da ta gadon, ita na bar ta a zaure. Akwai sawun dutse a gefenta, da sawun babban yatsana. In an rataye ta a Legas, ni ma na shiga gilashi.

Asabar, bayan La'asar

Rubutun yau zai fi na kullum muni.

Bayan Azahar gari ya yi baƙi lokaci guda. Iska ta ɗauke tamfol ta kai wa maƙwabta kyauta. Ni da Rabi da Audu muka hau kwasar kaya zuwa ɗakin marigayiya, kujera, katako, wajen kwanukan nan mai murɗewa da ya ƙi shiga ƙofa sai da muka kwantar da shi. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a bakin ƙofa muna haki, tsakar gida ta zama tafki.

Babu abin da ya rage a waje sai buhun.

Duk mun gan shi. Kowa ya wuce ta gabansa ya fi a ƙirga. Ni na ce Rabi za ta ɗauka, Rabi ta ce ni zan ɗauka, Audu da ya ƙera abin da hannunsa ya kafa ido a ƙasa. Ruwa na dukansa, ya fara jiƙewa daga gindi.

Sai labulen ya buɗe.

Ta rame. Allah, ta rame. Babu takalmi, babu mayafi, ta ratsa ruwan a hankali kamar mai koyon tafiya. Rabi ta yunƙura, na riƙe hannunta. Uwata ta durƙusa ta rungumi buhun a ƙirji, ta taso da shi, ta nufo mu. Muka buɗa mata hanya. Ta shiga ɗakin kakarta ta zauna a ƙasa da shi a cinya, ruwa na ɗiga daga kanta.

Ni kuwa Allah ya taimake ni, bakina ya mutu.

Ta daɗe a haka. Sannan idonta ya sauka a kan katakon da ke jingine a bango. Ta dube shi, ta sake dubansa.

Ta ce, "Wa ya buga ƙusa?"

Audu ya nuna ni da hannu biyu. Abokin shekara da shekaru.

Ta ce, "Baba."

Na ce, "Na'am, Uwata."

Ta ce, "Yaron nan ba ka jin magana." Muryar a dushe, babu dariya a ciki. Amma ta faɗa. Rabi ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na motsi.

Ta ce wa Audu ya miƙo mata filaya ta zare ƙusar.

Lahadi, da hantsi

Ruwa ya tsare direban Hajiya jiya, sai yau ya iso. Na shiga na tambayi Uwata da kaina, ba ta bakin kowa ba. Tana zaune a kan kujerar nan mai ƙafa uku, da kwanon kunu, ta sha kusan rabi. Na ce ko in ce ya tafi?

Ta ce a kawo kwalin, da takardar gadon da ke zaure. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, babu safar hannu. Ta ware na kujeru da na kwanuka da na ɗakin da ba shi da rufi, ta ce waɗannan su tafi, sun gama aikinsu, a gaya wa Hajiya za ta kira ta da kanta. Ta gadon ta ce ba inda za ta je, akwai gyara. Ta ga sawun yatsana, ta dube ni. Wannan bashin zagi ne, na san zan biya.

Sannan ta zaro wata takarda daga cikin zanen da ta ɗaura, a ninke, duk ta yi laushi. Ita ce wadda Hajiya ta ce babu, ashe tana jikinta tun daga asibiti. Ba ta sa ta a kwali ba. Ta ɗora ta a kan buhun.

Ban sani ba ko gobe za ta ci. Ban sani ba ko labulen zai sake sauka. Mutumin bai aiko ba, ba na kuma jira.

Lahadi, bayan La'asar

Ta kwance bakin buhun. Ta fito da shi ta goge da gefen zanenta, ta ajiye a kusurwa inda laima ba ta kaiwa. Ta taɓa shi da yatsa ɗaya, ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya. Shi ma babu ƙusa.

Gadon jariri ne. To, na rubuta.